Ranar da Na Sauya wa Baba Kwamfuta

In dai ina numfashi, ba na jin akwai ranar da zan manta da abin da ya faru a gidanmu na unguwar Nima, a Accra, lokacin da na sauya wa babana kwamfuta. Shekaru sun shuɗe, 'ya'yana har sun fara kamo ni a tsayi, amma duk sa'ad da labarin ya faɗo min a rai sai in ji idona ya ciko, wani lokacin kuma in kama dariya ni kaɗai.

Baba tsohon mai buga tafireta ne. Ya fi shekara talatin yana buga takardu a wani ofishin gwamnati a cikin Accra. Da ya yi ritaya, wani ɗan'uwansa ya ba shi tsohuwar kwamfuta ta tebur da firinta, ya kafa su a ɗan ɗakin da ke bakin ƙofar gidanmu. Tun daga nan duk mai neman wasiƙa a lungunmu wurinsa yake zuwa: takardar neman aiki, katin suna, sanarwar ɗaurin aure, sanarwar addu'ar mamaci. Har daga unguwannin Maamobi da Kanda ana zuwa. Mutum zai zauna a benci ya faɗi damuwarsa da Hausa ko da Twi, Baba ya mayar da ita Turanci mai tsabta, yatsunsa na gudu kamar ana zuba gero a faranti. Ba ya kallon madannai, ai ma haruffan da ke kansu sun goge tun tuni. In ya gama sai ya fitar da takardar ya miƙa, ya ce, "Karanta da kanka, ko ka sa a karanta maka, in da gyara ka dawo." Da wuya a dawo.

Ni kuwa a lokacin ina sayar da atamfa da leshi a Kasuwar Makola, kuma Allah ya fara buɗa min. Abin da ke damuna kullum shi ne wannan tsohuwar kwamfutar. In an kunna ta, sai mutum ya sha koko ya cinye ƙosai kafin ta farka. Tana gurnani kamar injin niƙa. In aka ɗauke wuta, wadda a shekarun nan ba a rasa ɗaukewa, sai ta mutu da aiki a ciki. Ina jin kunya ƙawayena su shigo su ga babana a gaban wannan akwati. Na ƙudurta a raina cewa ribar farko mai kauri da na samu, Baba zan yi wa gata da ita.

Haka kuwa aka yi. Na je Circle wurin wani mai sayar da kwamfuta da gyaranta, ɗan Zangonmu ne. Na ce ya ba ni wadda ta fi kyau. Ya ɗauko wata siririya mai launin azurfa, wadda ake ninkewa kamar littafi. Ya ce, da irin Hausarmu ta Accra da ba ruwanta da mace ko namiji, "Sista, wannan ba irin na Alaji ba ne fa. Kamfani daban, cikinshi ma daban. Amma in ka saba da shi, ba za ka so wani ba."

Ban tsaya tunanin abin da "cikinshi daban" yake nufi ba. Ni dai na ga tana sheƙi.

Na jira har Baba ya tafi Kumasi ta'aziyyar wani abokinsa, zai yi kwana uku. Na kawo mai gyaran gida ya kwashe duk takardun Baba daga tsohuwar ya zuba a sabuwar, ya haɗa ta da firinta. Na ce ya tafi da tsohuwar gaba ɗaya, ya yi yadda ya ga dama da ita. Mma, wato mahaifiyata, tana tsaye a ƙofar ɗakin da tsintsiya a hannu.

"Ki bar masa teburinsa yadda yake," in ji ta. "Ki jira ya dawo."

"Mma, in na jira ai ba zai yarda ba. Kin san halinsa."

"Na san halinsa, shi ya sa na ce ki bari."

Na yi dariya na ce tsofaffi dai ba sa son sabon abu. Ta juya ta koma madafa. Na goge teburin tas, na matsar da kwalbar biro, na gyara zaman kujera, har labule na sauya. Yanzu in na tuna, ban san wanne ya fi muni ba cikin abubuwan da na yi a wannan rana.

Baba ya dawo da hantsi. Ya yi wanka, ya ci abinci, sannan ya nufi ɗakin aikinsa, ni kuma ina biye da shi zuciyata fal da murna. Yana shiga ya yi tuntuɓe da kujera. Na ce gajiyar mota ce. Ya zauna, ya miƙa hannu biyu inda madannansa suka saba zama, sai hannun ya sauka a kan katako. Ya lalubo gaba kaɗan, ya taɓo sabuwar, ya shafa bayanta.

"Uwata," in ji shi, don sunan mahaifiyarsa gare ni kuma haka yake kirana, "ina injina?"

"Ga sabon inji nan, Baba. Naka ne. Na saya maka."

Sai ya ɗaga hannu ya sa min albarka, doguwa, har da 'ya'yan da ban haifa ba tukuna. Ba abin da ya rage a cikin addu'ar, amma muryarsa ba ta da daɗi. Da ya shafa sai ya ce, "Tsohon fa?" Na ce mai gyara ya tafi da shi. Ya gyaɗa kai kawai.

Na buɗe masa ita na shiga nuna masa abubuwa da sauri, irin na wanda ya koya jiya. A tsohuwar, in za ka rufe shafi kusurwar dama kake zuwa, a wannan kuwa hagu ne. Maɓallan da yake haɗawa ya adana aiki ko ya fitar da takarda, a nan wasu ne daban. Jerin takardunsa da ke fitowa in ya danna maɓalli ɗaya, a nan sai an bi ta wani wuri. Babu linzamin da ake riƙewa, sai wani ɗan fili da ake shafawa da yatsa. Ina bayani yana cewa, "To. To. Madalla." Na tafi kasuwa ina jin ni ce 'yar albarka a duk faɗin Nima.

Kwana ɗaya, biyu, mako guda, ban ji ƙarar firinta a gidan ba. In na dawo na tambaya, sai ya ce yau jikinsa ba daɗi, ko ya ce ba kowa da ya zo. Ashe ana zuwa. Wata Hajiya maƙwabciyarmu, wadda mijinta ya rasu ba da daɗewa ba, ta zo a buga mata sanarwar addu'ar arba'in. Baba ya ce ta dawo gobe. Ta dawo, ya ce jibi. Zuwanta na uku ya ce mata ta yi haƙuri ta kai wa masu buga takardu na bakin titi. Matar ta fita tana share hawaye, don mijinta abokin Baba ne tun suna samari, a sahu ɗaya suke sallah. Maganar ta zagaye lungu. A wurin mai waakye, wato shinkafa da wake, na ji wata tana cewa, ba ta san ina bayanta ba, "Tunda 'yarshi ya saya mishi sabon inji, Alaji ya fi ƙarfin talaka."

Raina ya ɓaci, kuma ba da mai maganar ba, da Baba. Na ga kamar ya raina kyautata. Na ga kamar taurin kai ne kawai, yana so ya nuna min ban isa in sauya masa komai ba. Ran Asabar na rufe shago da wuri, na dawo gida bayan la'asar, na same shi zaune a ɗakin, kwamfutar a rufe, carbi a hannunsa.

"Baba, yau sai ka koya. Ba wuya fa. Yara ƙanana ma suna yi."

Bai musa ba. Na buɗe ta, na jawo kujera kusa da shi. Na ce ya buɗe wasiƙa ɗaya. Ya ɗora yatsu, ya danna abin da hannunsa ya saba, wani abu daban ya fito. Na ce ya rufe. Ya ce ta ina. Na ce ga ɗan jan ɗigo nan a sama ta hagu, ya kai kibiya kansa. Ya shafa filin, kibiyar ta yi ta yawo. Ya matso da fuskarsa har hancinsa ya kusa taɓa allon, ya karkatar da kai gefe ɗaya.

"Ina kibiyar?"

"Ga ta nan a tsakiya."

"Ina?"

"Ga ta nan gabanka! Haba Baba, sai ka ce ba ka gani!"

Mma tana tankaɗe a tsakar gida, na ji rariyar ta tsaya. Baba ya janye hannunsa daga kan kwamfutar a hankali, ya ɗora a cinyarsa.

"To, ai kin faɗa, Uwata," in ji shi.

Ban gane ba da farko. Na dube shi. Wallahi ranar ce na fara kallon idon babana da kyau bayan shekaru. Na dama da wani fari-fari a tsakiyarsa kamar an ɗiga madara. Na hagu kuwa yana kallona amma ba ni yake kallo ba. Na ɗaga hannu a gefen hagunsa na kaɗa, ko ƙiftawa bai yi ba.

Mma ta shigo da gari a hannunta, ta zauna a bencin baƙi. Ita ce ta yi maganar, don shi ya kasa.

"Shekara biyu ke nan," in ji ta. "Na hagu ya tafi. Na dama hazo yake gani. Shekara biyu ina ajiye masa takalmi a wuri ɗaya, buta a wuri ɗaya, kofin shayinsa a wuri ɗaya. Taku nawa ne daga nan zuwa masallaci, ya sani. Wancan injin kuwa hannunsa ya haddace shi kamar Fatiha. Ya danna wannan, ya sauko sau uku, ya danna wancan, takarda ta fito. Ba ya buƙatar ido. Ya sa na yi masa alkawari ba zan gaya wa kowa ba, har ke."

Sai abubuwa suka riƙa dawo min ɗaya bayan ɗaya. Yadda ya daina sayen jarida ya ce duk ƙarya ce a ciki. Yadda ya daina fita sallar magariba sai da maƙwabci. Yadda in na sa sabon ɗinki na ce, "Baba, ya yi kyau?" sai ya kama gefen mayafin ya murza ya ce yadin mai kyau ne. A gida ɗaya muke kwana muke tashi, ban lura ba. Na durƙusa a gabansa na kifa kaina a gwiwarsa ina kuka, ina cewa ya yafe min.

Ya dafa kaina. "Me kika yi? Alheri kika yi niyya." Sai ya yi ajiyar zuciya. "Kakanki ya makance kafin ya rasu, ba ki tashi kin gan shi ba. Mutum ne da ya yi fataucin goro daga nan har Kano, in ya yi magana a Zango ana saurara. Da idonsa ya tafi, sai mutane su zo gaishe shi su tambaye ni, 'Ya ci abinci?' alhali yana zaune a wurin. Ni ban so a tambayi wani ko na ci abinci."

Washegari da sassafe na hau trotro, motar hayarmu, zuwa Circle. Na yi ta addu'a a hanya Allah ya sa tsohuwar tana nan. Mai gyaran ya kama kai. Ya ce ya riga ya farke ta, ya cire abin da zai yi amfani, sauran masu gwangwan sun kwashe. Da na gaya masa dalili, sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya shiga tone wani kwali a ƙarƙashin tebur. Ya zaro madannan Baba, waɗannan dai masu gogaggun haruffa, sun yi ƙura.

"Wannan ba wanda zai saye shi, shi ya sa ya saura," in ji shi. Ya nemo wata 'yar waya ya liƙa a bakin igiyar. "Ka sa wannan a jikin sabon, zai yi aiki. Ba duka ba ne zai zama kamar da, amma hannun Alaji zai san gida." Na ciro jaka, ya ce in mayar. "Alaji ne ya rubuta min wasiƙar da na samu wurin koyon aikin nan. Ka gaishe shi."

Na rungumo madannan a trotro kamar jariri. Da na ɗora su a teburin na kama hannun Baba na sa a kai, sai ya shafa su daga wannan gefe zuwa wancan, ya yi murmushin da ban gani ba tun dawowarsa daga Kumasi.

Maganar asibiti ce ta zama rigima. Ya ce abin da Allah ya karɓa ba likita da zai dawo da shi. Na yi magiya har na gaji. Mma ce ta gama da shi, da magana ɗaya. Ta ce, "Alhaji, na riƙe maka alkawari shekara biyu, yana cina kamar gara. Yanzu kai ma ka yi min abu ɗaya." Ran Talata muka tafi mu uku.

Likitar, wata mace mai natsuwa, ta daɗe tana duba shi. Ta ce idon hagu hawan jinin ido ne ya cinye shi, ba zai dawo ba. Na dama kuma yanar ido ce ta rufe shi, ita ana cire ta, amma shi ma ciwon da ya ci na hagu ya fara kama shi ta ƙarƙashi. Ta dubi Baba ta ce, "Da kun ƙara jinkiri, da shi ma ba abin da za mu tarar." Baba ya juyo wajen da nake ya ce a hankali, "Kin ji aikin injinki."

Aka sa ranar aiki, aka ba shi maganin ɗigawa. Kafin ranar ta zo, mai gyaran ya biyo ta gida ya nuna min cewa sabuwar kwamfutar tana iya karanta abin da ke allo da murya, tana kuma ƙara girman rubutu yadda mutum yake so. Kullum bayan la'asar sai mu zauna ni da Baba. Wannan karon ba na sauri. In kama yatsansa in kai kan maɓalli, in ce wannan da wannan su ne adanawa, ya maimaita sau goma har hannun ya riƙe. Muryar kuwa ta wata Baturiya ce, Turanci tana zuba shi lafiya lau, amma in ta iso kan sunayen mutanenmu sai ta kama su ta murɗe. Ranar da ta karanta "Assalamu alaikum", Baba ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Wannan baiwar Allah sai mun sa ta a makarantar Islamiyya." Daga nan ya raɗa mata suna Sakatariya.

An yi aikin lafiya. Washegari da aka cire bandejin, ni da Mma muna tsaye a gabansa. Ya yi ta ƙifta ido, hawaye na zuba. Ya dube ni, sannan ya juya ya tsaya a kan Mma, ya daɗe yana kallonta har ta sunkuyar da kai ta ja mayafi.

"Ashe kin yi furfura haka," in ji shi.

"Kai ka sa min ita," in ji ta.

Har ma'aikaciyar jinyar sai da ta yi dariya, ni kuwa ina dariya ina share ido.

Ganin bai dawo duka ba. Ido ɗaya ne, shi ma sai da tabarau da magani safe da yamma. Amma ya isa ya ga rubutu in an ƙara masa girma, ya isa ya gane fuskar mai sallama. Fitarsa ta farko, gidan Hajiyar nan ya nufa. Ya tsaya a ƙofarta ya gaya mata gaskiyar abin da ya hana shi buga sanarwar abokinsa, ya roƙi gafara. Ta ce, "Alhaji, da ka faɗa, ai da ni zan riƙe maka sanda." Ran Juma'a kuma, bayan an sauko, ya zauna a bencin dattawa ya ce musu idonsa ɗaya ya bi shi ritaya, ɗayan ma da ƙyar aka riƙo shi. Ba wanda ya tambayi wani ko ya ci abinci. Abin da ya faru shi ne, kafin wata ya ƙare, dattawa uku daga wannan benci sun zo a ɓoye, ɗaya bayan ɗaya, suna tambayarsa wace mota ake shiga zuwa asibitin.

Baba ya yi shekaru yana aiki da wannan kwamfuta kafin Allah ya karɓi abinsa, Allah ya jiƙansa da rahama. Har ya kai ga in wani abu ya shige min duhu a cikinta, shi nake tambaya.

Abin da na koya bai da yawa, amma ya zauna min. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In ka ga tsoho ya riƙe wani tsohon abu ya ƙi saki, kada ka yi gaggawar cewa taurin kai ne, wataƙila da shi yake tsaye. Ka tambaya kafin ka ɗauke, ka kuma riƙa kallon iyayenka da kyau, don zama gida ɗaya ba shi ne sanin halin da suke ciki ba. Ni Allah ya rufa min asiri, kuskurena ya zama sanadin alheri, amma ba dabarata ba ce, kuma ba kowa ne ake yi wa wannan rangwamen ba. Su kuma iyaye, ina roƙonsu da girman Allah, ciwo ba abin kunya ba ne. Ku faɗa mana tun da sauran abin da za a ceto.